Yadda Ake Gwanjon Tsarabar Sararin Samaniya Don Tara Kuɗin Jinyar Yara

Ƙaramar tuta da ba ta wuce tafin hannu ba, in a shago ka same ta, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Amma bari a tabbatar cewa ta shiga kumbo, ta kewaya duniya ta dawo, sai ka ga masu tara kayan tarihi suna rige-rigen taya ta. Wannan tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce dukiyar da masu tara wa asibitocin yara kuɗi suke nema.

An ga misalin haka a fili a watan Satumbar 2021, lokacin da kumbon kamfanin SpaceX ya ɗauki mutum huɗu a tafiyar da aka kira Inspiration4, suka yi kwana uku suna kewaya duniya. An shirya tafiyar ne don tara wa asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka dala miliyan 200. Cikin matafiyan akwai Hayley Arceneaux, wadda aka yi wa maganin sankarar ƙashi a asibitin tana 'yar shekara 10, daga baya ta zama ma'aikaciyarsa. Sun tafi da agogunan hannu na IWC, da riguna masu ɗauke da zanen da yara marasa lafiya suka yi, da wata ƙaramar jita mai suna ukulele, aka dawo aka yi gwanjonsu. A ƙarshe an tara sama da dala miliyan 240.

Ka lura da abu ɗaya tun yanzu. Dala miliyan 100 alƙawarin jagoran tafiyar ne, Jared Isaacman, dala miliyan 50 kuma na Elon Musk, mai kamfanin SpaceX. Gwanjon kayan ɓangare ne kawai na kamfen ɗin. Wanda ya shiga wannan aiki da tunanin cewa tuta ɗaya za ta gina asibiti zai sha takaici. Wanda kuma ya gane cewa mai saye hujja yake biya wa kuɗi, wato tabbacin cewa kayan ya tashi da tabbacin cewa kuɗin zai isa wurin yara, zai iya tara abin kirki ko da kayansa 'yan kaɗan ne. Duk matakan da ke tafe a kan waɗannan hujjoji biyu suke.

Mataki na farko: fara daga asibiti

Kafin ka nemi ko da baji ɗaya, ka je wurin asibitin ko gidauniyar da kake son tallafa wa. Mutane da yawa suna yin akasin haka: su tara kaya, su buga sanarwa da sunan asibiti, sai daga baya su je neman albarka. Manyan asibitocin yara suna da sashe na musamman mai kula da tara kuɗi, kuma ba sa yarda a yi amfani da suna ko tambarinsu sai da izini a rubuce. St. Jude, alal misali, tana da ƙungiyar ALSAC da ke wannan aiki. A Birtaniya doka ta tilasta wa duk ɗan kasuwar da zai ce wani kaso na cinikinsa na ƙungiyar agaji ne ya yi rubutacciyar yarjejeniya da ita.

Yarjejeniyar ta amsa tambayoyi huɗu ba tare da kwana-kwana ba. Kaso nawa ne zai je asibiti, kuma daga jimillar kuɗin ne ko bayan an cire ɗawainiya? Asusun wa kuɗin zai fara shiga? Cikin kwana nawa bayan gwanjo za a miƙa shi? Kuma me za a yi da shi, magani ne, bincike ne, ko masaukin iyayen da suka baro garinsu suna jinya? Ni dai na fi son kuɗin ya tashi daga hannun kamfanin gwanjo ya faɗa asusun asibiti kai tsaye, ba tare da ya kwana a asusun mai shiryawa ba. Hakan yana rufe bakin masu zargi, yana kuma kare ka daga jarrabawar da ba ka bukata.

Ka bincika rajistar gidauniyar a hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji a ƙasarta. Ka kuma tambayi ko jiharka ko ƙasarka tana bukatar lasisin neman taimako daga jama'a ko na gudanar da gwanjo.

Mataki na biyu: daga ina kayan za su fito, kuma na wane ne?

Hanya biyu ce. Ko dai ka samu tsofaffin kayan da suka riga suka tashi, daga wani ɗan sama jannati ko iyalinsa ko mai tara kayan tarihi, ko kuma ka shirya sababbin kaya a tafi da su a wata tafiya mai zuwa. Kowace hanya tana da ramin da ake faɗawa, kuma ramin duka biyun shi ne mallaka.

A 1971 matafiyan Apollo 15, ɗaya daga cikin tafiye-tafiyen Amurka zuwa wata, wato David Scott da Alfred Worden da James Irwin, sun tafi da ambulan wasiƙa kusan 400 ba tare da izinin NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ba. Guda 100 suka faɗa hannun wani dillalin kan sarki a Jamus, ya sa su a kasuwa. Da maganar ta fito aka tsawatar musu, kuma babu ɗayansu da ya sake zuwa sararin samaniya. Tun daga nan NASA ta ƙara tsaurara dokar 'yar jakar tsarabar da ake ba kowane matafiyi, wadda ake kira PPK. A zamanin kumbon Shuttle, abu 20 aka yarda mutum ya ɗauka, nauyinsu duka bai kai kilo ɗaya ba, sai an rubuta su an amince, kuma an hana ɗaukar su don kasuwanci ko tara kuɗi. Saboda haka kada ka ɗora wa ɗan sama jannatin da ke aikin gwamnati nauyin ya saƙala maka wani abu a jakarsa don ka sayar, komai kyawun niyyarka. Za ka jefa shi cikin matsala.

Ƙofar da ta fi buɗewa ita ce ta tafiye-tafiye masu zaman kansu: irin na Inspiration4 da Polaris Dawn ta 2024, ko na kamfanin Axiom Space da ke kai mutane tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ko gajerun tafiye-tafiye irin waɗanda kamfanin Blue Origin ya yi. A nan ma sai ka samu amincewar kamfanin a rubuce cewa an san za a sayar da kayan.

Game da tsofaffin kaya kuwa, ga abin da ya kamata ka sani. A Nuwamban 2011 aka sayar da littafin jerin ayyuka na Apollo 13 da jagoran tafiyar, Jim Lovell, ya yi lissafi da hannunsa a ciki, a kamfanin Heritage Auctions, kan dala 388,375. Sai NASA ta tambayi ko yana da ikon sayarwa, cinikin ya tsaya cak. Wannan taƙaddama da makamantanta suka sa majalisar Amurka ta yi doka, Shugaba Obama ya sa mata hannu a Satumbar 2012, wadda ta tabbatar wa matafiyan shirye-shiryen Mercury da Gemini da Apollo mallakar tsarabar da suka riƙe. Dokar ba ta haɗa da duwatsu da ƙasar duniyar wata ba, ba ta kuma shafi matafiyan zamanin Shuttle da na tashar ƙasa da ƙasa ba. Duk wanda ya zo maka da dutse ya ce daga Apollo ne, ka yi masa godiya ka sallame shi. Samfuran da Apollo ta kwaso dukiyar gwamnatin Amurka ne.

A aikace, ka sa mai ba da kayan ya rattaba hannu a takardar kyauta da ke cewa kayan nasa ne, ga yadda ya same shi, babu mai ja da shi, kuma ya miƙa shi don a sayar. In gado ne, duk magada su sa hannu. In kayan ɓangaren na'ura ne da aka ciro daga kumbo, ka rubuta wa hukumar da ta ƙera shi ka tambaya kafin ka buga shi a kasida. Gara jinkirin wata biyu da a janye kaya ana tsakiyar tayi.

Mataki na uku: zaɓen abin da zai tashi

In sabon kaya za ka tura, ka tuna kowane giram yana da tsada a kumbo, kuma injiniyoyi ne za su yanke hukunci. Suna duba ko abu yana kamawa da wuta cikin sauƙi, ko yana fitar da wari ko tururin sinadari a rufaffen wuri, ko yana da kaifi, ko zai iya farfashewa ya zama ɓarɓashin da zai riƙa yawo ya shiga idon mutum ko na'ura. Gilashi da batir da ruwa da gari duk suna jawo dogon bincike. Shi ya sa kayan da aka saba tafiya da su ƙanana ne kuma shimfiɗaɗɗu: tutoci, baji na yadi, lambobin ƙarfe, katuna, zanen takarda.

A ganina babu abin da ya kai zanen yaran da ke jinya. Ba shi da nauyi, babu biyunsa a duniya, kuma ya haɗa tafiyar da dalilinta a takarda ɗaya. Mai saye yana kallonsa ya san wa ya taimaka.

Kada ka cika yawa. Tuta 500 iri ɗaya tana karya farashin kanta. Ka nemi abu biyu ko uku na alfarma da manyan masu kuɗi za su fafata a kai, sannan 'yan gommai masu lamba a jere don matsakaita. Su kuma masu ƙaramin ƙarfi ka yi musu kwafin da bai tashi ba, a rubuta a jikinsa cewa bai tashi ba. A tafiyar Inspiration4 an tafi da 'yar tsanar kare don ta nuna lokacin da nauyi ya ɗauke, sai asibitin ya riƙa sayar da irinta ga jama'a.

Mataki na huɗu: gina hujja

A nan aikin yake. Agogon Bulova da David Scott ya ɗaura a saman wata an sayar da shi a kamfanin gwanjo na RR Auction a Oktoban 2015 kan dala miliyan 1.625. Rigar da Buzz Aldrin ya sa a tafiyar Apollo 11, wadda aka fara taka wata a cikinta, ta kai kusan dala miliyan 2.8 a Sotheby's a Yulin 2022. Abin da ya ɗaga su shi ne daga hannun masu su suka fito, da wasiƙarsu, ga kuma hotunan tafiya da ke nuna kayan a jikinsu. Akasin haka, jakar da aka zuba samfurin ƙasar wata a Apollo 11 ta taɓa ɓacewa cikin rajista saboda kuskuren lamba, har aka yi gwanjonta a 2015 kan dala 995 kacal. Da aka gano ko mece ce, aka sayar da ita a 2017 kan dala miliyan 1.8. Jakar ba ta canza ba, bayanin da ke tare da ita ne ya canza.

Ga sabon kaya, hujja tana farawa tun kafin tashi. Ka sa wa kowane abu lamba ta dindindin a jikinsa, da tawada mara gogewa ko sassaƙa ko ɗinki, kamar 7 cikin 40. Haka kamfanin Robbins yake yi wa lambobin azurfar da 'yan sama jannatin Amurka ke tafiya da su tun Apollo 7, shi ya sa har yau ake iya bambance wadda ta tashi da wadda ta zauna a ƙasa. Ka ɗauki hoton kowane abu gaba da baya, da awo a gefensa, ka kama duk wani tabo ko karkatar ɗinki da zai bambanta shi da ɗan'uwansa. Ka auna nauyinsa ka rubuta. Sannan a zuba a leda mai hatimin da in an buɗe za a gane, a rubuta lambar hatimin.

Daga nan duk hannun da kayan ya shiga sai an sa hannu: wa ya miƙa, wa ya karɓa, yaushe, a ina. Ka nemi kwafin shafin jerin kayan kumbo inda sunan kayanka ya fito. In an amince, ka roƙi a ɗauki hoto ko bidiyon kayan yana shawagi a cikin kumbo, lambarsa tana fitowa. Lokacin matafiya a sama a ƙididdige yake, don haka ka nemi wannan tun wajen yarjejeniya, kuma ka haƙura in hoton rukunin kayan gaba ɗaya kawai aka samu. A ɓangaren Rasha na tashar ƙasa da ƙasa akwai hatiman da ake buga wa takardu a can sama, masu tara kaya suna daraja su ƙwarai.

Bayan saukowa, a buɗe hatimin a gaban shaidu biyu, ɗaya daga asibiti, ana ɗaukar bidiyo. A gwada kowane abu da hotonsa na farko. Sai matafiyin ya sa hannu a takardar shaida ta kowane abu daban, mai ɗauke da sunan tafiya, ranar tashi da ta sauka, lambar kayan da hotonsa. Ya sa hannu da alƙalami da kansa. NASA ta daɗe tana amfani da na'urar kwaikwayon sa hannu wajen amsa wasiƙun masoya, kuma masu saye sun iya gane ta.

In tsohon kaya ne, ka bi salsalarsa baya har zuwa ranar tafiya: wasiƙar ɗan sama jannatin, rasit na gwanjon da aka taɓa yi, hotuna, lambar da ke jikin kayan. Inda aka samu giɓi, ka kai wa ƙwararren da ba shi da riba a cinikin ya duba. Kuma kada ka wanke, kada ka goge, kada ka gyara komai. Dattin da ke jikin irin waɗannan kaya yana cikin darajarsu. Ka taɓa su da safar hannu, ka ajiye su nesa da rana da danshi, ka yi musu inshora tun ranar da suka shigo hannunka.

Mataki na biyar: faɗi iyakar inda kayan ya kai

Kalmar "ya je sararin samaniya" tana ɗaukar abubuwa da ba daidai suke ba. Hukumar da ke rajistar bajintar jiragen sama ta duniya tana ɗaukar kilomita 100 a matsayin iyaka, Amurka kuma tana amfani da mil 50, kimanin kilomita 80. Tashar ƙasa da ƙasa tana kusan kilomita 400. Kumbon gajeriyar tafiya na Blue Origin yana ƙetare kilomita 100 ya dawo cikin minti 10 zuwa 11 ba tare da ya kewaya duniya ba. Balan-balan ɗin bincike kuwa yana tsayawa ne wajen kilomita 30 zuwa 40. Hotonsa yana da kyau, sama baƙi ƙirin, amma bai shiga sararin samaniya ba.

A kasuwa, abin da ya sauka a wata ya fi wanda ya kewaya wata, shi kuma ya fi wanda ya kewaya duniya, sannan na gajeriyar tafiya. Ka rubuta gaskiyar matakin kayanka a kasida, da nisan da ya kai da tsawon lokacin da ya yi. In ƙyalle ne aka yanka gunduwa-gunduwa, ka faɗi guda nawa aka yanka. In sa hannu kawai aka yi a kan hoton da bai tashi ba, ka ce haka. Kada kuma ka liƙa tambarin NASA ko ka rubuta abin da zai sa a zaci ta goyi bayan gwanjonka. Ƙarin gishiri ɗaya da wani masani ya bankaɗo a intanet ya isa ya zubar da farashin sauran kayan, kuma sunan asibitin yara ne zai sha kunyar.

Mataki na shida: farashi da dillali

Ka duba sakamakon gwanjon baya a shafukan Heritage Auctions da RR Auction da Sotheby's da Christie's da Bonhams. Ka nemi abin da ya yi kama da naka a nau'i, da tafiya, da ƙarfin hujja, ka kuma duba farashin da aka sallama, ba wanda aka yi hasashe ba. Kada ka auna bajin tafiyar bara da kayan Apollo 11.

Lamba uku za ka tsayar ga kowane abu: ƙiyasin da za a buga, farashin buɗe tayi, da mafi ƙarancin abin da za a sallama. Buɗe tayi da ƙasa yana jawo mutane da yawa, kuma wanda ya taya sau ɗaya yakan so ya sake. Amma ga kayan alfarma ka sa ƙa'idar da in ba a kai ta ba za a ce albarka a mayar da kaya. Mai kyautar zai ji ciwo in ya ga abin da ya adana shekara 40 ya tafi a banza.

Sai zaɓen inda za a yi gwanjon. Babban kamfani yana da jerin masu saye na gaske, yana da ƙwararru, yana kuma karɓar kuɗi da aika kaya. Ladansa shi ne la'ada, kuma kashi biyu ce. Akwai wadda ake cirewa daga mai kaya, akwai kuma wadda ake ɗora wa mai saye, wadda a manyan kamfanoni takan kai kashi 20 zuwa sama da 25 cikin 100. Ɗauki misali: an sallama kaya kan dala 10,000, la'adar mai saye kashi 25, ta mai kaya kashi 10, hoto da inshora da jigila dala 600. Mai saye ya biya 12,500, asibiti ya karɓi 8,400. Mutumin yana zaton ya ba yara 12,500. Saboda haka ka zauna da kamfanin ka nemi ya yafe la'adar mai kaya, ya kuma rage ko ya sadaukar da ta mai saye. Ana samun masu yarda in aikin agaji ne, amma sai ka tambaya, kuma a rubuta. Duk abin da aka tsayar, a buga shi ƙarara a kasida.

In kayanka ƙanana ne, dandalin gwanjon agaji na intanet ko taron liyafar tara kuɗi ya wadatar. Matsalar liyafa ita ce masu tara kayan sararin samaniya ba lallai su kasance a zauren ba, don haka ka buɗe tayi ta waya da intanet.

Mataki na bakwai: shela, da mutuncin yara

Lokaci yana da tasiri. In sabon kaya ne, da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: ka buɗe tayi ana cikin tafiyar ko cikin makonnin farko bayan saukowa. In tsoho ne, ka nemi ranar da hankalin mutane ke kan batun, kamar 20 ga Yuli da aka fara taka wata a 1969, ko 12 ga Afrilu da Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya tashi a 1961, ko 15 ga Fabrairu ranar sankarar yara ta duniya, ko watan Satumba da aka keɓe don wayar da kai a kanta. Ka saki kasidar makonni uku ko huɗu kafin rufewa, don masu saye su samu damar tambaya da bincike.

Wajen bayyana bukatar, alƙaluman gaskiya sun isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ke kamuwa da sankara duk shekara. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuma ba su kai kashi 30 ba.

Abin da ba na yarda da shi ko kaɗan shi ne a mayar da yaro mara lafiya allon talla. Ba a ɗaukar hotonsa, ba a faɗin sunansa ko ciwonsa, ba a amfani da zanensa, sai da izinin iyaye a rubuce ta hannun asibiti, shi ma yaron a tambaye shi in ya kai ya fahimta. Iyali suna da ikon janyewa ko da an riga an buga kasida. Kuma a nuna yaron yana zane ko yana dariya. Wanda zai bayar zai bayar ba sai an nuna masa yaro cikin mawuyacin hali ba.

Mataki na takwas: ranar gwanjo

Kowane mai tayi ya yi rajista da katin shaida da katin banki. Ga kayan alfarma, a nemi kafin alƙalami ko takardar banki. Gwanjon da ya yi suna yana jawo masu taya abin da ba za su iya biya ba don kawai a ga sunansu. Lokacin da Blue Origin ta yi gwanjon kujera a tafiyarta ta farko mai ɗauke da mutane a 2021, ta bi zango uku: tayi a ɓoye, sai tayi a bayyane a intanet, sannan gwanjo kai tsaye ga waɗanda aka tantance, aka sallama kan dala miliyan 28. Ko a ƙaramin gwanjo wannan tsari na tacewa yana aiki.

A intanet, ka zaɓi tsarin da ke ƙara 'yan mintuna duk lokacin da aka yi tayi dab da rufewa, don kada wani ya faki daƙiƙar ƙarshe ya ɗauke kaya da arha. Ka raba lokutan rufewa, don wanda ya rasa abu na farko ya koma kan na biyu. Kada kai ko danginka ko 'yan kwamiti ku yi tayin bogi don ɗaga farashi. Zamba ce, a ƙasashe da yawa laifi ce a gaban doka, kuma cewa don yara aka yi ba ya wanke ta.

Kada ka bar waɗanda ba su yi nasara ba su tafi da kuɗinsu a aljihu. Mutum 30 za su iya fafatawa a kan abu ɗaya, ɗaya ne zai samu. Ka tanadar wa sauran hanyar bayar da gudummawa kai tsaye nan take, ka kuma ajiye sunan wanda ya zo na biyu a kowane kaya ko da na farko ya kasa biya.

Mataki na tara: biya, haraji, jigila, da miƙa amana

Ba a sakin kaya sai kuɗi ya zauna a asusu. A ba mai saye wa'adi a rubuce, kwana 7 zuwa 14, in ya wuce a koma kan na biyu.

Maganar haraji ta danganta da ƙasa, don haka ka nemi akanta tun farko. A Amurka, mai saye a gwanjon agaji yana iya neman rangwamen haraji ne kawai a kan abin da ya biya sama da ƙimar kayan a kasuwa, kuma dole ƙungiyar ta ba shi bayani a rubuce in abin da ya biya ya haura dala 75. Shi kuma mai kyautar kaya, in ƙimarsa ta wuce dala 5,000, yana bukatar ƙiyasin ƙwararre, kuma tunda sayar da kayan za a yi, rangwamensa yakan tsaya a kan abin da ya kashe wajen mallakarsa. Ka gaya wa mutane wannan kafin su bayar, kada su ji shi daga bakin jami'in haraji.

Wajen aikawa, a yi inshora a kan cikakken farashin, a nemi sa hannun mai karɓa, a kuma ɗauki hoton kayan cikin kwalinsa kafin a rufe. Tuta da baji ba su da matsala a kwastan, amma ɓangaren na'urar kumbo ko na rigar sararin samaniya yana iya faɗawa ƙarƙashin dokokin Amurka na hana fitar da fasahar tsaro, waɗanda ake kira ITAR da EAR. Ka tantance wannan tun kafin kasida ta fita, in ya zama dole ka rubuta cewa mazauna ƙasar kaɗai za su iya taya wannan kaya.

Da zarar an miƙa kuɗin, ka karɓi rasit daga asibiti, ka buga lissafin a inda ka buga sanarwar: jimillar da aka tara, abin da aka kashe da dalilinsa, da abin da ya shiga asusun asibiti da ranar shigarsa. Ka aika wa masu kyautar kaya da matafiya da masu saye wasiƙar godiya ɗauke da wannan lissafi. Iyalan yaran da suka yi zane su ma a sanar da su nawa zanen ya kawo, ta hannun asibitin.

Sannan ka haɗa rajistar lambobi, da hotuna, da takardun miƙa hannu, da bidiyon buɗe hatimi, ka yi kwafi biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a wurin gidauniyar. Bayan shekaru wani zai so ya sake sayar da tuta mai lamba 7, kuma kamfanin gwanjon da ya kai wa zai rubuto yana tambaya ko lambar tana cikin rajistarku.